Ɗigo Biyu a Kan Noti

A garejin Ma'auni akwai bango guda da ba a jingina masa taya, ba a rataya masa riga, ko kalanda ba a manna masa. Shi ne ke fuskantar ƙofa, duk mai shigowa da shi idonsa zai fara cin karo. A nan ake rataye ƙarfen da ya karye a inji. Fistan da ya huje, bawul da ya lanƙwashe, giya da haƙoranta suka zube, kowanne da ƙusarsa, kuma a ƙarƙashinsa an rubuta sunan wanda ya jawo ɓarnar da farin fenti. Ma'auni ne ya ƙirƙiro wannan tsari tun ranar da ya buɗe garejin, shekara talatin da huɗu ke nan, kuma shi ke riƙe burushi. In ya rubuta sunanka ya zauna ke nan, ko ka bar aikin, ko ka bar duniya. Mutum biyu daga cikin masu sunayen ma an daɗe da binne su.

Sunansa ne kaɗai babu a wurin, kuma ba ya bari kowa ya manta da hakan. Saboda hannunsa ake ce masa Ma'auni. Sauran makanikai sai sun ɗauko sifana mai agogo kafin su san iyakar ɗaurin noti, shi kuwa da sifana zalla yake ja, ya runtse ido, ya tsaya cak. Ka kawo mai agogon ka gwada, daidai za ka tarar, ba ƙari ba ragi. Masu tseren mota da ke haɗuwa ranar hutu a tsohon filin jirgin bayan gari su ne mutanensa. Mutum ya kawo 'yar motar kai yara makaranta ya ce a mayar masa da ita dodo. A sa mata tarbo mai cusa iska, a ƙara mata mai, a ƙara mata wuta, har ta koma tana kururuwa tun daga tsaye.

To duk ƙarfin nan da ake lafta wa inji, a kan abu ɗaya yake sauka, wato kwanrod, sandar ƙarfen da ke haɗa fistan mai hawa da sauka da karanshaf mai juyawa a ƙasan inji. Fistan ya danna shi ƙasa, karanshaf ya turo shi sama, sau dubbai a minti ɗaya. Noti biyu ne kacal ke riƙe da bakinsa na ƙasa. In kuwa ya karye ba ya tafiya shi kaɗai, sai ya fasa cikin injin ya leƙo waje.

Shi ya sa Ma'auni ba ya bari kowa ya ɗaure notin kwanrod sai shi, kuma yana da doka a kai. Notin nan sau ɗaya ake ɗaure shi. In an ja shi yana ɗan miƙewa, kuma ba ya komawa yadda yake, wanda duk ya kwance ya sake ɗaurewa ya ɗaura wa direba ajali. Saboda haka duk notin da ya ɗaure sai ya ɗauki 'yar ƙusa da guduma ya buga masa ɗigo ɗaya a ka. Duk wanda ya ga noti mai ɗigo ya san an taɓa ɗaure shi, kwandon shara zai nufa.

Ga shi kuma da karanta ƙarfe. In inji ya fashe, a gaban kowa ake buɗe shi. Sai ya ɗauko kwanrod ɗin ya juya shi a haske, ya tara ma'aikata yana yi musu kallon ɗaya-ɗaya.

"Ku za ku iya yi min ƙarya," in ji shi, "wannan ba zai iya ba. In bakinsa ya yi baƙi ya ƙone, baƙin mai ne bai kai masa ba. In ya tsinke ta sama, direba ne ya zarce da gudu fiye da ƙima. In ya lanƙwashe a tsakiya, iska da wuta aka ƙara masa fiye da abin da zai ɗauka. In kuwa noti ne ya yi siriri ya tsinke, to mai ɗauri ne. Wa ya ɗaure?"

Ya sa ƙattai kuka a gaban bangon nan, kuma wallahi yana jin daɗin abin. Sai ya rubuta sunan a hankali, harafi-harafi, yana fito.

A tsakiyar bangon akwai kwanrod guda da ya bambanta da saura, don shi kaɗai aka shafe da jan fenti mai kauri, daga sama har notocinsa. A ƙarƙashinsa an rubuta KARYAU. Ba sunan yanka ba ne, Ma'auni ne ya raɗa shi a ranar, kuma ɗan cikinsa ya raɗa wa.

Shekara goma sha biyu ke nan. A lokacin ɗan yana da shekara ashirin da biyu, yana aiki a ƙarƙashin uban. An haɗa wani inji ana gobe tsere, washegari kwanrod ya fasa shi ana tsakiyar gudu, motar ta wuntsila, direban ya tsira da ƙafa ɗaya gajeriya. Aka buɗe injin, noti ne ya tsinke. Ma'auni ya ce a gaban kowa ɗansa ne ya sa sifana a bayan idonsa, lokacin da ya bar masa rufe ƙasan injin. Ɗan ya yi rantsuwa har muryarsa ta dushe. Uban ya ɗauko jan fenti, ya ce wannan sai an gan shi tun daga titi.

Gaskiyar magana kuwa Ma'auni kaɗai ya san ta. Sababbin notoci ba su iso ba, mai mota yana ta azalzala, shi kuma bai iya cewa "ban gama ba". Sai ya mayar da tsofaffin, yana ce wa kansa hannunsa zai san inda zai tsaya. Abin haushin ma, yana gama ɗaurewa hannun nan ya ɗauki ƙusa da guduma da kansa, kamar kullum, ya buga ɗigo kusa da na farko. Sai da ya buga na biyun ya farga. Ranar da aka buɗe injin, da babban yatsa ya rufe kan notin har ya isa wurin gwangwanin fenti.

Sunan kuwa ya bi yaron kamar ƙuda. Mai shayi Karyau, maƙwabta Karyau, har yarinyar da yake nema ta taɓa kuskuren faɗa a gabansa. Uwarsa ta tsare mijinta a ɗaki ta ce, "Malam, ka dube ni ka faɗa min, shi ya yi?" Ya dube ta ya rantse. Ita kuwa ta yarda, don a shekarun zamansu ba ta taɓa kama shi da ƙarya ba. Ta fito ta ce wa ɗanta ya je ya ba babansa haƙuri. A satin ya haɗa jakarsa ya bar garin. Ta yi wata biyu tana juya abinci a kwano ba ta ci.

Bara ya dawo, da mata da 'ya'ya biyu da kwamfuta a jaka. Zamani ne ya dawo da shi, don injunan yanzu ba sa jin sifana kaɗai, sai an shiga ƙwaƙwalwarsu an faɗa musu yawan iska da mai da lokacin wuta, kuma wannan shi ne abin da ya koyo a can. Masu tsere suka fara tambayar yaron, uwar ta yi ta roƙo, Ma'auni ya ce to ya zo gareji. Ranar farko Karyau ya tsaya gaban bangon ya daɗe yana kallon jan kwanrod, sannan ya ce, "Fentin nan yana da kyau, Baba, ko dusashewa bai yi ba." Bai ƙara tayar da zancen ba. Ladabi kuwa kamar me, Baba kaza, Baba kaza, har Ma'auni ya fara tunanin duniya ta koya wa yaron hankali.

Abu ɗaya ne ke damun tsohon a lokacin. Hannunsa na dama ya fara rawa. Ba wata rawa mai yawa ba, amma in ya miƙe shi ba komai a ciki sai yatsun su riƙa kaɗawa. Ya koma shan shayi da hagu, damar kuma tana aljihu. Sa'ar da ya ci, da zarar ya damƙi sifana rawar sai ta tsaya, ɗaurinsa yana nan daram. A zatonsa ba wanda ya lura.

Motar da aka gama a satin nan ta Walƙiya ce, wani mai shagon tayil, ƙato mai tumbi wanda sai ya cire takalmi kafin ya iya shiga kujerar tsere. Mai Walda, tsohon abokin Ma'auni kuma daɗaɗɗen ma'aikacinsa, kullum sai ya tsokane shi. "Walƙiya, da ka rage cikin nan da ba sai an sa maka tarbo ba." Sati uku Ma'auni yana kan injin. Sababbin kwanrod huɗu, sababbin notoci takwas, ya ɗaure su da hannunsa, ya buga ɗigo takwas. Ya faɗa wa ɗansa iyakar iskar da za su ɗauka, Karyau ya ce, "An gama, Baba."

Da hantsi suka fita gwaji a filin jirgin. Walƙiya ya yi zagaye biyu lafiya lau, ya dawo yana washe baki. Kafin na uku Karyau ya leƙa ta tagar gefe, ya ɗora kwamfutarsa a kujera ya ɗan daddanna, ya ce gyara ne kaɗan. Motar ta tashi. Tun daga nesa kunnen Ma'auni ya ji muryarta ta canza, ta yi wani irin kaifi da ƙaraurawa a ciki. Ya ɗaga hannu zai yi ihu a tsaya, bai kai ga buɗe baki ba aka ji dam! Farin hayaƙi ya turnuƙe, motar ta yi ta jan baƙin layi a ƙasa har ta tsaya can ƙarshen fili.

Walƙiya ya fito lafiya, ya zauna daɓas a ƙasa yana salati. A gefen injin akwai rami da dunƙulen hannu zai shige.

Kafin rana ta take an jawo motar gareji. Labari ya riga su isowa, makanikan layin duk sun bar aikinsu sun zo, har da masu sayar da taya na tsallaken titi. Wa zai bari a ba shi labari? Injin Ma'auni ya fashe, kuma kowa ya san wanda ke ɗaure notin kwanrod a wurin nan. Aka kwance ƙasan injin, gutsattsarin ƙarfe suka zubo cikin tire. Ma'auni ya naɗe hannun riga ya zaro kwanrod na uku.

Kallo ɗaya ya yi masa zuciyarsa ta yi sanyi. Ya lanƙwashe a tsakiya kamar ayaba kafin ya karye. Bakinsa fari tas, ba alamar ƙuna. Notocin biyu suna nan a ɗaure, kowanne da ɗigonsa ɗaya. Ɗaurinsa bai saki ba. Iska da wuta aka lafta wa injin, kuma ya san wanda ya leƙa ta taga da kwamfuta. Daɗi ya kama shi, irin tsohon daɗin nan, har ya fara neman gwangwanin farin fenti da ido.

"Baba," in ji Karyau a hankali, "na baya ba sa gani. Ɗan ɗaga musu shi sama."

Ma'auni bai yi tunani ba, ya ɗaga da dama, ya miƙe hannu. Gutsuren fistan da ke maƙale a jiki ya fara ƙas-ƙas-ƙas, wurin kuma ya yi tsit, kowa yana ji. Ya yi ƙoƙarin tsayar da hannun, sai ƙarar ta ƙaru. Wani daga baya ya ce, "Ashe dai..." bai ƙarasa ba. Mai Walda ya sunkuyar da kai, a nan Ma'auni ya gane abokin nasa ya daɗe da sani.

"Hannuna ba ruwansa da wannan!" Ya daka tsawa. "Ku matso in karanta muku. Ku dubi tsakiyar..."

"Za ka karanta, Baba. Amma zo mu shiga sito tukuna, minti biyu."

Siton ɗan ɗaki ne mai warin girisi, taga ɗaya, kantoci cike da kwalayen kayan gyaran inji. Karyau ya tura ƙofa ya jingina da ita. Uban bai jira ba.

"Kai ka ƙara iska."

"Ni ne."

"Da gangan?"

"Da gangan. Na ƙara iska, na gaggauta wuta, na kuma mayar da komai yadda yake kafin a jawo motar. Ko wa ya buɗe kwamfutar ba abin da zai gani."

Ma'auni ya ji kamar an watsa masa ruwan zafi. "Kai mahaukaci ne? Da ka kashe mutumin nan fa?"

"A miƙaƙƙiyar hanya, ba kwana, ba kowa a gabansa. Sati biyu ina auna inda zai karye. Kai ka auna naka, Baba? Wancan direban na gan shi a kasuwa shekaranjiya, har yau da sanda yake tafiya."

Ya sa hannu a aljihu ya fito da wani abu, ya buɗe tafinsa. Rabin noti ne, ya yi siriri a inda ya tsinke, da ragowar jan fenti a cikin zarensa. An kankare kansa tas. Ɗigo biyu suna zaune kusa da juna.

"Satina na farko da dawowa, kun fita cin abinci, na sauke jan kwanrod ɗin daga bango. Na ciro wannan na sa wani na shafa masa ja. Kullum kana wucewa ta gabansa ba ka lura ba." Ya juya notin da yatsa. "Shekara goma sha ɗaya ina can ina tunani, me ya sa nawa kaɗai aka yi wa fenti? Kai ka koya min karanta ƙarfe, Baba. Ka koya min da kyau."

Ma'auni ya ƙura wa notin ido. Ya nemi wurin zama, babu, sai ya dafa kanta.

"Ka san ɗiyata me ta tambaye ni ranar da na kawo ta nan? Ta iya karatu yanzu. Ta ce, 'Abba, me ka karya?'" Muryarsa ko rawa ba ta yi. "To ga yadda za a yi. Ka fita ka karanta musu na yau, gaskiya za ka faɗa, a rubuta sunana karo na biyu. Ba komai, na saba. Amma kana gamawa ni ma zan karanta musu wannan, sannan in wuce gida in karanta wa Mama. Ko kuma ka ɗauki burushinka ka yi abin da ka ga ya dace."

Mutanen waje ba su ne suka tsaya wa Ma'auni a rai ba. Fuskar matarsa ya gani, ranar da ta ce ya dube ta, da kwanon da ta yi wata biyu tana juyawa. Tsoro ya kama shi, irin wanda bai taɓa ji ba ko a gaban injin da ke ci da wuta. Ya ce, "Ɗana..."

"Karyau," in ji ɗan. "Kai ka raɗa."

Ya buɗe ƙofa ya matsa gefe, cikin ladabi, don uban ya fara fita.

Jama'a na nan yadda aka bar su. Daga ƙofar sito zuwa bangon taku goma ne, kuma a cikin takun nan Ma'auni ya ga akwai wata hanya da ɗan bai ambata ba. Ga jan kwanrod, ga sunan a ƙarƙashinsa, ga burushi. Zai iya shafe sunan nan ya rubuta nasa a wurin, da bakinsa, ba tare da kowa ya tona shi ba. Ya gani sarai, kada wani ya ce bai gani ba. Amma sai ya auna. Tsohon da hannunsa ya gaji ana tausaya masa, ana ba shi kujera. Uban da ya rataya wa ɗansa laifinsa kuwa, wa zai sake gaishe shi a layin nan?

Ya ɗauki kwanrod ɗin yau, ya rufe lanƙwasar da tafin hannu.

"Ɗauri ne," in ji shi. "Nawa bai kai ba."

Ba wanda ya matso ya duba, don in Ma'auni ya karanta ƙarfe an gama magana. Ya buga ƙusa a can gefe, sai a bugu na huɗu ya same ta. Ya rataye ƙarfen. Ya tsoma burushi a farin fenti ya ɗaga hannu, hannun kuwa ya ga ranarsa ta zo. Harafin farko ya fito a karkace, fenti yana zirara ƙasa. Na biyu ya hau kan na farko. Mutumin da ya yi shekara talatin da huɗu yana rubuta sunayen mutane yana fito, ga shi yana zana nasa kamar ɗan aji ɗaya, kowa yana kallo, kuma kowane harafi yana ƙara tabbatar musu da abin da ya faɗa.

Mai Walda ya matso ya ce ƙasa-ƙasa, "Maigida, kawo in riƙe maka hannun."

Da zagi ya yi masa da ya fi sauƙi. Ma'auni ya ture shi da gwiwar hannu ya ƙarasa shi kaɗai.

Wani bakanike daga tsallake, wanda sunansa ke bangon tun yana saurayi, ya fara fito a hankali, irin fiton da Ma'auni ke yi. Biyu suka ƙyalƙyale da dariya, aka harare su, suka ci gaba a cikin riga. Walƙiya ya dafa kafaɗar tsohon ya ce, "Haba Baba, kar ka sa a ranka, shekaru ne, kowa zai je. Na gaba dai sai ɗanka ya ɗaure min, kai ka riƙa sa ido."

Karyau ya zo ya zare sifanar daga aljihun rigar ubansa a hankali, ya goge ta da tsumma, ya sa a nasa. Ya jawo kujerar roba ya ajiye a bakin ƙofa, inda iska ke shigowa, fuskarta tana kallon bangon.

"Zauna ka huta, Baba. Ka yi mana ƙoƙari."

Da jama'a suka watse, Ma'auni ya kira shi da ido, ya miƙa tafin hannu. Karyau bai yi gardama ba, ya ɗora masa rabin notin. "Riƙe, ai naka ne."

A hanyar gida ya tsaya kan kwalbati ya jefa shi cikin kwata, ya tsaya har ya ga baƙin ruwan ya rufe shi. Sai ya ji ƙirjinsa ya ɗan saki. Ya rasa hannu, ya rasa sifana, sunansa ya hau bango, amma gidansa yana nan. Har ya fara tsara yadda zai faɗa wa matarsa, ya ce mata tsufa ne ya zo, ta ce masa sannu.

Rana ba ta faɗi ba ya shiga gida. Ta amsa sallamarsa kamar kullum, ta kai masa ruwa ya wanke hannu, ta shimfiɗa ledar cin abinci a falo, ta kawo tire ta ajiye. Kwano a rufe, kofin ruwa, cokali a dama. Kusa da cokalin akwai noti guda cikakke, da jan fenti a zarensa, an kankare kansa, shi ma da ɗigo biyu.

Ya manta. Shi da ya yi shekara talatin da huɗu yana faɗa wa mutane noti biyu ne ke riƙe da kwanrod, ya manta da ɗayan.

"Wata takwas yana cikin gwangwanin zarena," in ji ta. Ba ta zauna ba. "Ranar da ɗanka ya kawo min ya so ya tara maka jama'a. Ni na hana shi. Na ce babanka ba mugu ba ne, tsoro ne ya kama shi a lokacin. Na ce ka kai shi gaban bangon nan ka ba shi burushi, za ka ga da hannunsa zai goge sunanka. Na rantse masa, Malam. Karo na biyu ke nan ina tsaya maka a gaban yaron nan."

"Saurara in faɗa miki..."

"Ya kira ni ɗazu. Ya ce ka gwammace a ce hannunka ya mutu da a ce shi bai karya komai ba." Ta dube shi, irin kallon da ta yi masa shekara goma sha biyu da suka wuce, sai dai yau ba tambaya take yi ba. "Sunansa yana nan a bangon?"

Ya kawar da kai ya dubi notin.

"Yana nan," ta faɗa wa kanta.

Ta sunkuya ta buɗe masa kwanon, tururi ya tashi. Ta ɗauke cokalin daga damansa ta mayar da shi hagu, ta bar notin a inda yake.

"Ci abincinka kafin ya huce," in ji ta, ta fita ta ja ƙofa.